Yadda na sayo injin tanin na hannu a Kano na kawo shi ƙasar Auyo

Duk mai aikin ƙarfe a ƙasar Auyo ya san kayan da manoman rani ke kawowa shago da zarar an fara ban ruwa: shaf ɗin injin ruwa da mazaunin boris ya cinye, fulin injin casa da raminsa ya buɗe har yana kaɗawa, bushin ɗin tarakta, kusar da zarenta ya mutu. Walda kan cike wurin da ya cinye, amma mayar da shi daidai awonsa sai injin tanin, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa tana fere shi, shi kuwa sai an dangana da Haɗeja, wani aikin ma sai Kano, alhali shinkafa na can tana jin ƙishirwa. Wannan ya sa na ƙudurta sayen injin na hannu, tunda sabo ya fi ƙarfin shagon ƙauye. Na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki saboda abokan sana'a masu irin wannan niyya. Injuna suna nan jibge a Kano. Gane wanda za ka miƙa wa kuɗinka shi ne aikin.

Tun a gida na fara, da awon ayyukan da aka fi kawo mini. Shaf ɗin injin ruwa gajere ne, amma na injin casa kan kusa kai mita ɗaya, fuli kuma yakan kai faɗin milimita 300 ko fiye. Don haka na rubuta a takarda cewa ina neman injin da zai ɗauki tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da kwata, ya juya faɗin milimita 330 zuwa 400, ramin da ya ratsa kansa, wato ɓangaren da ke juya aiki, ya wuce milimita 50 don shaf ya shige, kuma gadonsa, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da abin ɗaukar wuƙa ke tafiya a kai, ya zama mai giɓin da ake cirewa a gaban cok (bakin da ke kama aiki) saboda babban fuli. Wanda ya tafi kasuwa ba da irin wannan takarda ba, abin da dillali ke son rabuwa da shi zai dawo da shi. Daga nan sai maganar wuta. Irin wannan inji da wuta mai layi uku yake aiki, bolt 415. Na je ofishin KEDCO, kamfanin da ke rarraba wuta a Kano da Jigawa da Katsina, aka ce in kawo takardar nema da katin shaida da hoto, sannan ƙwararren mai aikin wuta mai lasisi ya cike fom. Da aka zo aka duba, sai ya zamana layi ukun bai iso unguwarmu ba, kuɗin turaku da waya kuwa ya kusa na janareta. Sai na koma lissafin janareta mai shan gas. Motar inji mai kilowat 5.5 takan ja kusan amfiya 11 in tana tafiya, amma a lokacin tashi takan ja ninki shida na haka, shi ya sa janareta mai kVA 10 kan durƙushe. Mai 20 ne ke ɗauka da natsuwa. In injin ƙarami ne, mai kilowat 2.2 ko ƙasa, akwai akwatin VFD da ke mayar da layi ɗaya zuwa uku, da sharaɗin motar tana karɓar haɗin bolt 230, kuma wannan a rubuce yake a farantin jikinta.

Da na shiga Kano ban nufi masu sayarwa ba, masu aiki da injin na nufa. Na bi shagunan tanin da ke kewayen Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, in yi sallama, in jira maigida ya kashe inji, sannan in yi tambaya biyu: a hannun wa ka sayi naka, kuma da ya ba da matsala me ya yi maka? Tambaya ta biyu ce ke fitar da gaskiya. Kowa na da dillalin da zai yaba, amma sunan wanda ya dawo ya gyara bayan ya karɓi kuɗi bai wuce biyu ko uku ba, kuma su ne suka yi ta maimaituwa a bakin mutanen da ba su san juna ba. A nan na fahimci masu sayarwar iri-iri ne. Akwai masu shigo da kaya a kwantena daga Turai ta tashar jiragen ruwan Legas, su suna da sito da kaya a ƙasa. Akwai masu kwasar injunan masana'antun da suka rufe a Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Akwai 'yan gwangwan, waɗanda ke saye da nauyi, wani lokaci a dace da inji mai rai a hannunsu. Sai dillalan waya, masu hoto a WhatsApp da Facebook, waɗanda galibi ba su taɓa taɓa injin da hannunsu ba. Ba na cewa duk maƙaryata ne, sai dai tsakaninka da mai kayan akwai mutum uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa, in rigima ta tashi kuma ba wanda zai ce nasa ne.

A ɗaya daga cikin shagunan na samu wani dattijo da ya yi aikin tanin a masaƙa kafin ta rufe. Na roƙe shi ya riƙa raka ni, muka yi ciniki a kan kuɗin yini, da sharaɗin ba zai karɓi ko kwabo daga mai sayarwa ba. Wannan sharaɗi a faɗe shi ƙarara tun farko, domin mai dubawar da ke jiran la'ada daga ɗaya ɓangaren idonsa ba ya ganin aibi. Ya ɗauko jakarsa da agogon awo mai gindin maganaɗisu, da maikuromita na auna kaurin ƙarfe, da wuƙar yanka da ya wasa da kansa, da tocila, ni kuma na sayi guntun ƙarfe mai kaurin milimita 50 da tsawon 300.

Wurin farko wani sito ne a bayan gari. Injin yana sheƙi da sabon koren fenti, har kan kusoshi da ramukan mai. Raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Dattijon bai ce komai ba, ya ciro maganaɗisu ya riƙa bi da shi a jikin ƙafafu da akwatin giya. A wani wuri ya ƙi kamawa, ya kankare da farce sai ga ƙullin da masu gyaran jikin mota ke shafawa, a ƙarƙashinsa kuma waldar tagulla a kan tsaga. Sannan ya matso da sirdin da ke ɗauke da wuƙa kusa da cok, ya ɗaure kusar makullinsa kaɗan yadda zai iya motsi, ya murza shi zuwa wutsiya, wato ɗaya ƙarshen injin. Bai yi rabin hanya ba ya cije. Ma'anar haka gadon ya cinye a gaban cok, inda aka fi aiki, kuma duk shaf ɗin da ka yanka zai fito da ciki. Gyaran gado ba aikin da ake yi a shagon ƙauye ba ne. Ya ce wa mai kayan, "Alhaji, a sa masa wuta mu ji muryarsa." Alhajin ya ce, "Baba, ai babu wuta a nan, amma wallahi yana aiki aka cire shi. Ku ba da wani abu a kai shi inda wuta take." Muka yi godiya muka fito. A hanya dattijon ya ce mini, "Malam, injin da ba a yarda ya ci ƙarfe a gabanka ba, kuɗin gwangwan ne kuɗinsa, a ɗora shi a sikeli kawai."

Wuri na biyu injin lafiyayye ne, amma farantin motarsa ya nuna na Amurka ne, mai 60Hz, wutarmu kuwa 50Hz ce. Irin wannan mota takan rage gudu da kusan kashi 17 cikin ɗari, mai juyi 1,750 a minti ta koma wajen 1,450, kuma duk lambobin gudu da ke jikin injin sun tashi daga aiki. Wannan ana iya zama da shi. Abin da ya kore mu shi ne giyoyin canjin zare babu ko ɗaya. Doguwar kusar da ke jan sirdi wajen yanka zare ta inci ce, kusoshin injunan China da Japan da suka cika gonakinmu kuwa na milimita ne, kuma juyawa daga wannan zuwa wancan a irin wannan inji sai da giya mai haƙori 127. Mai kayan ya ce za a samu a kasuwa. Ba a samunta haka nan, sai dai a yanka maka sabuwa, da tsada. Shi ma zaren inci ba abin yarwa ba ne a wurinmu, tunda zaren bututun ruwa na inci ne, haƙori 11 a kowane inci ga bututu mai inci ɗaya zuwa sama, 14 ga na rabin inci da na uku bisa huɗu. Injin da zai yi amfani a yankin ban ruwa dole ya yanka duka biyun.

Na uku ya fi su arha nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Wani dillali ya kai mu wani gida, injin yana rufe da tamfol, a jikinsa ga alamar lambar kaya da aka goge da giranda. Na tambayi takarda, ya ce mai shi ya yi tafiya. Injin da ya fito daga masana'anta ta halattacciyar hanya yana da wasiƙar sayarwa mai hatimin kamfanin ko ta wanda aka ɗora wa alhakin sayar da kadarorinsa, da takardar fita daga ƙofa. Wanda ya fito daga ma'aikatar gwamnati ko makarantar koyon sana'a yana da takardar gwanjo. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, komai arharsa a bar shi. Ranar da aka biyo sawu, a shagonka za a same shi, kai za a tafi da kai, injin ma a tafi da shi.

Wanda na saya a hannunsa yana cikin sunayen nan da masu tanin suka yi ta ambata. Sai da muka jira, domin kwantenarsa ba ta iso ba, kuma bai nemi in ba da komai kafin ta iso ba. Da kaya suka sauka ya kira. A sitonsa akwai janareta da waya a shirye, injunan kuma da dattinsu da tsohon fentinsu, ba a shafa musu komai ba. Muka tsaya a kan wani Colchester Triumph 2000, ƙirar Ingila, mai juya faɗin milimita 390, da mota mai doki bakwai da rabi, da gudu kala 16 daga juyi 25 zuwa 2,000 a minti. Ya ce, "Baba, ga shi nan, ku yi duk abin da za ku yi, in kun gama ku kira ni," ya koma kan bencinsa.

Dattijon ya fara da injin a kashe. Ya buɗe murfin kai ya haska giyoyi ɗaya bayan ɗaya yana juya cok da hannu, yana neman karyayyen haƙori, ya tsoma maganaɗisu a cikin mai ya duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Ya cire cok, ya ɗora agogon awo a hancin shaf ɗin kai, ya juya: allura ba ta wuce milimita 0.01 ba. In ta haura 0.03 akwai magana, domin boris ɗin wannan inji na musamman ne, kuɗinsa kan cinye ribar cinikin duka. Ya murza hannun da ke tura wuƙa ciki, ya dawo da shi baya, ya karanta wasan da ke tsakani, ya samu 0.2, wanda ba laifi. In ya kai rabin milimita, notin tagullar da ke ciki ya ƙare. Gwajin sirdi ya ɗan yi nauyi can kusa da wutsiya amma bai cije ba. Mai naɗin koyil da muka kira ya gwada ingancin rufin wayoyin motar da mitarsa ta bolt 500, ya ce ta wuce megom ɗaya da nisa, ba ta sha ruwa ba. Sannan aka tayar. Ya tsaya sai da ya ga mai yana gudana a 'yar tagar gilashin da ke jikin kai, ya bi duk gudun 16, kowanne ya saurara, ya gwada gaba da baya da birki, ya sa sirdi ya yi tafiya da kansa a tsaye da a gicciye. Ya bar shi yana gudu kusan rabin awa ya dafa mazaunin boris: ɗumi ne, ba zafin da zai kori hannu ba. Daga ƙarshe ya kama ƙarfen nan nawa, ya bar milimita 200 a waje ba tare da tallafin wutsiya ba, ya yi yanka mara zurfi, ya auna kai da gindi. Bambancin 0.04 ne. Ya ce wani ɓangare na wannan daga rashin daidaiton ƙasan siton ne, zai ragu in an kafa shi da kyau. Ya yanka zaren milimita 2 ya ɗaura noti, ya yanka na bututu ya ɗaura soket, duka suka shiga lafiya.

Kafin a faɗi farashi a ƙirga kayan da ke biye da injin, domin a nan ake cin mutane ba su sani ba. Muka shimfiɗa su a ƙasa: cok mai baki uku da haƙoransa na ciki da na waje, cok mai baki huɗu, faranti, tallafin dogon shaf, giyoyin canji, guntun giɓin gado, mariƙan wuƙa. Haƙoran cok suna da lamba ɗaya da biyu da uku, kuma na wani cok ba sa zama a wani. Guntun giɓin ma tare da gadonsa aka gyara shi a masana'anta, na wani injin ba zai zauna daidai ba. Hancin wannan inji mai ƙusoshi shida ne, wanda ake kira D1-6, cok ɗin ƙananan injuna irin Harrison M300 mai D1-4 ba ya hawa. Mariƙin wuƙa biyu kawai muka samu, sai na nemi a rage kuɗi saboda haka, aka rage.

Da muka daidaita, na ce a rubuta. Bai ɓata rai ba, shi ya ɗauko takarda mai sunan shagonsa. Aka sa sunan injin da lambarsa da ke buge a ƙarshen gado ta wajen wutsiya, da jerin kayan nan ɗaya bayan ɗaya, da farashi, da kafin alƙalami na kashi 20 cikin ɗari, ragowar kuma sai injin ya hau mota. Aka ƙara cewa in wani ɓoyayyen aibi ya bayyana cikin mako biyu da kafawa, gyara a kansa yake. Dattijon da wani maƙwabcin sitonsa suka sa hannu a matsayin shaidu. Ya ba ni kwafin takardar biyan kwastam ta kwantenar. Kuɗin ta banki na tura, kuma sai da na tabbatar sunan asusun shi ne sunan da ke kan rasit. In aka ce ka tura asusun yaro ko na ɗan'uwa, ka tsaya, don ranar shari'a babu abin da zai nuna mai kayan ya karɓa. In akwai dillali a tsakani, a yanke la'adarsa da wanda zai biya tun kafin a shiga sito.

Kayan yanka da na awo a wani shago daban na saya, kuma nan ma akwai abin lura. Maikuromita na hannu a rufe shi a ga ya tsaya a sifili, a gwada shi da sandar gwajinsa, a duba fuskokinsa ba su fashe ba. Na jabu masu ɗauke da sunan Mitutoyo, kamfanin kayan awo na Japan, suna da yawa, rubutunsu kan fita da kaushi, murzawarsu kuma ba ta da santsi. Bakin diril mai gindin tsini a duba lambarsa, wutsiyar wannan inji lamba huɗu take karɓa, ƙananan sai an sa musu rigar ƙarfe mai cike girman. Wanda bakinsa ya yi shuɗi ya ƙone, ya rasa taurinsa. Taf da dayis, masu yanka zare a cikin rami da a jikin kusa, ban sayi na hannu ba, don taf ɗin da ya dakushe a cikin aikin mutane yake karyewa. A wuƙaƙe na fi ba da ƙarfi ga farin ƙarfen HSS da masu bakin kabaid da aka liƙa da tagulla, tunda ana wasa su a giranda a shago. Masu ɗan bakin da ake ɗaurawa da kusa suna da daɗin aiki, amma kowane mariƙi da siffar bakinsa, in ya ƙare sai Kano, kuma a kan walda mai tudu da kwari saurin fashewa suke.

Lodi ne ya fi tayar mini da hankali. Injin ya haura tan ɗaya, nauyinsa kuma a sama yake, ta wajen kai, da ya karkata sai ya kife. Mun ɗauki mota mai ƙugiyar ɗaga kaya. Aka zura majanyi ta tsakanin haƙarƙarin gado kusa da kai, aka tura sirdi da wutsiya can ƙarshe don nauyi ya daidaita, aka sa katako don kada igiya ta matse doguwar kusar zare da sandar da ke ƙarƙashinta. In suka lanƙwashe ko kaɗan, zare ya tafi ke nan. Aka zaunar da shi a kan katako a tsakiyar mota, aka ɗaure ta kusurwa huɗu, aka cire cok, aka shafe gado da giris aka rufe da tamfol saboda ƙura. Muka bi ta Ringim da Gujungu a hankali. A shingayen hanya an nemi takarda, rasit da kwafin kwastam suka wadatar. A riƙe su a gaban mota, kada a cusa su cikin kaya.

A gida na riga na zuba daɓen kankare mai kaurin santimita 20 ya bushe sarai. Dattijon ya biyo mu da ma'aunin ruwa na masu inji, wanda ya fi na magina gani nesa, ya yi ta ɗaga kusoshin ƙafa yana saukewa har bambancin yankan ya dawo 0.02. Muka zubar da tsohon mai, muka sa man haidirolik mai lamba 32 a kai, mai lamba 68 a sirdi da gado. Baƙin man mota ba ya yi, giris a kan gado kuma ƙura yake tarawa ya riƙa cin ƙarfe. Wajen haɗa wuta a tabbatar motar tana juyawa ta inda kibiya ta nuna, domin in an juya layi biyu, famfon mai ba zai kai mai ga boris ba, inji na gudu yana cin kansa. Cikin kowace naira ɗari da na kashe, ban da janareta, kusan 65 ce ta tafi a injin, 15 a kayan yanka da awo, 10 a lodi da mota, ragowar a kankare da waya da mai da ladan mai dubawa. Wanda ya kai duk kuɗinsa wurin dillali zai ajiye inji a shago ba wuƙar yanka.

A mako na farko famfon ruwan sanyaya wuƙa ya tsaya, wanda a sito ba a gwada ba tunda tankinsa babu ruwa. Na kira mai kayan na karanta masa sharaɗin da muka rubuta. Ya ce, "Malam, ba sai ka karanta ba, cire shi ka ba direban Haɗeja." Ya sa aka sake naɗa koyil ɗin, ya biya kuɗin motar dawowa da shi. Duk mai zuwa dubawa ya tafi da jarkar ruwa ya zuba a tankin, a kunna famfon tare da sauran gwaje-gwajen.